Tartsatsin da ke Tayar da Bosuwaja: Yadda Ake Gano Ciwon Wuta a Injin Tsohuwar Mota

A ƙaddara wata safiya ce ta watan Agusta a unguwar Mandawari, cikin birnin Kano, bayan an kwana ana tafka ruwa. Wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, ya fito zai kai jikarsa asibiti a tsohuwar motarsa Bosuwaja. Ya murɗa makulli, kik ya juya injin garau, amma mota ta ƙi tashi. Yaran unguwa suka tura ta daga lungu har bakin Sabon Titi, nan ma shiru. Aka kira wani yaron gareji, ya buɗe bayanta ya leƙa, ko waya ɗaya bai taɓa ba ya ce, "Baba, ai koyil ne ya mutu." Aka aika kasuwar Ƙofar Ruwa aka sayo koyil, mota ba ta tashi ba. Aka sayo fulogi huɗu, sannan aka fara zargin batir. Sai da rana ta take, injin ya bushe, mota ta tashi da kanta kamar ba ita ba. Abin da ya hana ta tashi tun farko raɓa ce da ta kwanta a cikin murfin distiributa, wadda tsumma busasshe zai iya kawar da ita a cikin minti biyu.

Irin wannan labari ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota. Abin da ya faru daidai yake da likitan da zai rubuta wa majinyaci magani kala biyar ba tare da ya auna shi ba, da fatan ɗaya daga ciki zai dace. Asarar kuma ba ta tsaya ga kuɗin fansho da aka zubar ba. Sau da yawa kayan asali masu lafiya ake cirewa a maye gurbinsu da jabu, kuma gyaran wuta da aka yi da ka yana iya ƙona injin ɗungurungum, a daidai lokacin da kayan gyaran wannan mota suke ƙara wuyar samu.

Motar da ake magana a kanta

Sunanta na asali Volkswagen Beetle. Ferdinand Porsche ne ya jagoranci tsara ta a Jamus a shekarun 1930, aka fara ƙera ta da yawa a garin Wolfsburg daga 1945. Jamusawa sun ga ta yi kama da ƙwaro dangin buzuzu, suka sa mata wannan suna. Yarabawa kuwa kunkuru suka gani, suka kira ta Ijapa. A 1975 aka fara harhaɗa ta a Legas, shekarar da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, kuma lokacin ya zo daidai da kuɗin Udoji da bashin sayen mota ga ma'aikata, saboda haka ta zama motar farko ta malaman makaranta da akawuna masu yawa. An ƙera ta ƙarshe a Puebla ta ƙasar Meziko a watan Yulin 2003, bayan an yi fiye da miliyan 21.

Injinta a baya yake, iska ce ke sanyaya shi ba ruwa ba, yana da silinda huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu. Abin da ya sa ta dace da darasi shi ne komai nata a fili yake: mutum na ɗaga murfin baya zai ga koyil da distiributa da wayoyin fulogi a gabansa. Wanda ya fahimci wutarta ya fahimci ta tsohuwar Fijo 404 da 504, domin tsarin ɗaya ne, shi ne wanda Ba'amurke Charles Kettering ya fito da shi wajen 1910.

Yadda bolt 12 ke zama dubbai

Injin fetur yana zuƙar iska gauraye da tururin mai, fistan ya matse su, sannan a kunna musu wuta su fashe su tura fistan ƙasa. Aikin da ƙyastu da ƙanƙara suke yi wa abduga, shi fulogi yake yi wa wannan cakuɗa. A bakin fulogi akwai ƙarafa biyu da 'yar tazara tsakaninsu, milimita 0.6 zuwa 0.7, kuma dole lantarki ya tsallaka wannan tazara ta cikin iska. To, iska ba ta yarda lantarki ya ratsa ta da sauƙi. A sarari ana buƙatar kimanin bolt 3,000 kafin a keta milimita ɗaya tak na busasshiyar iska. A cikin silinda kuwa, inda fistan ya matse iskar ninki bakwai ko kusa da haka, abin da ake buƙata yana iya haura bolt 10,000. Batir kuma bolt 12 kawai gare shi (tsofaffin Bosuwaja na kafin ƙarshen shekarun 1960 ma bolt 6 ne).

Halittu sun san wannan matsala tun kafin injiniyoyi. Kowace ƙwayar jijiya a jikin dabba tana samar da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na bolt ba. Amma kifin nan minjirya, wanda masunta suka sani a kogunan ƙasar nan da tafkin Cadi, yana jera ɗimbin ƙwayoyi masu samar da lantarki ɗaya bayan ɗaya, ƙarfinsu ya haɗu, har babba daga cikinsu ya iya sakin kimanin bolt 350. Mota ba ta bi hanyar minjirya ba, domin da sai an jera batir fiye da dubu. Ta bi hanyar da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831, wato idan ƙarfin maganaɗisu ya sauya a kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki yana tasowa a cikin wayar, kuma gwargwadon saurin sauyin da yawan naɗin, gwargwadon ƙarfin abin da zai taso.

Koyil, wannan gwangwani da ke maƙale a jikin rumfar fanka, sandar ƙarfe ce a ciki da naɗin waya iri biyu. Naɗi na farko waya ce mai kauri da aka zagaya sau ɗari biyu zuwa uku. Na biyu siririya ce kamar gashi, an zagaya ta wajen sau dubu ashirin. Idan aka kunna makulli, wutar batir tana shiga naɗi na farko ta ƙafar da aka rubuta wa lamba 15, ta fita ta ƙafa mai lamba 1, ta bi wata koriyar waya zuwa distiributa, ta ratsa kwantak, ta koma jikin ƙarfen mota. Muddin tana gudana, sandar ƙarfen ta zama maganaɗisu. Da zarar kwantak ya buɗe, wuta ta yanke, maganaɗisun ya rushe nan take, sai naɗi na biyu ya haifar da bolt dubu goma sha biyar zuwa ashirin, su fita ta waya mai kauri da ke tsakiyar koyil.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin a nan ne fahimtar mutane da yawa ke karkacewa: tartsatsi yana fita ne lokacin da kwantak ya buɗe, ba lokacin da ya rufe ba.

Shi kwantak ba kome ba ne illa makunni mai baki biyu na ƙarfen tungustan. Sandar distiributa tana da kusurwa huɗu, kowace kusurwa tana ture wani ɗan dunduniya na roba mai tauri, baki ya buɗe. A gefensa akwai kwandansa, ɗan ƙaramin gwangwani da ke ƙunshe da fallayen ƙarfe biyu da takarda a tsakaninsu, an naɗe su kamar tabarma. Aikinsa shi ne ya shanye wutar da ke neman tsallaka bakin kwantak a daidai lokacin buɗewa. In babu shi, wutar za ta ci gaba da tsallakawa, maganaɗisu ya rushe a hankali, tartsatsin fulogi ya raunana, bakin kwantak kuma ya ƙone. Daga nan sai rota, wadda ke juyawa a ƙarƙashin murfin distiributa, ta miƙa wutar ga silindar da layi ya zo kanta. A Bosuwaja jerin shi ne 1, 4, 3, 2.

Duk wannan yana faruwa sau biyu a kowane juyi na karanshaf. Idan injin yana juyi 3,000 a minti, kwantak yana buɗewa yana rufewa sau 100 a cikin daƙiƙa ɗaya. Zuciyar ɗan Adam, wadda ita ma wani ɗan ƙullin ƙwayoyi ne ke kunna mata lantarki a kan lokaci, wajen sau 70 take bugawa a minti.

Tambaya kafin sifana

Likita nagari yana fara aiki da tambaya, haka ma bakanike nagari. Yaya motar ta mutu? Idan ta ɗauke ne farat ɗaya kamar an kashe makulli, zargi ya fi karkata ga wuta. Idan kuwa ta yi ta shaƙewa tana farfaɗowa kafin ta tsaya, ya fi kama da yankewar mai. An wanke injin jiya? An yi ruwa? Wani ya taɓa wayoyin fulogi? Tana tashi da safe ta mutu in ta yi zafi, ko kuwa da safen ne take gardama? Amsoshin nan kaɗai suna rage rabin aiki.

Sannan a saurari kik. Idan yana jan injin da ƙyar, ko ya yi ƙas kawai ya tsaya, to ba a ma kai ga maganar tartsatsi ba tukuna. Batirin Bosuwaja yana ƙarƙashin kujerar baya. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 a mita, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 sosai ba yayin da kik ke aiki. A duba kawunansa ko sun yi farin gari, a kuma duba faffaɗar wayar da ta haɗa giyabos da jikin mota, wadda kowa ke mantawa da ita. Akwai wata alama mai amfani a nan: motar da ke ƙin tashi da makulli amma tana tashi da an tura ta, tana nuna cewa kik ne ke shanye ƙarfin batir har koyil ya rasa abin da zai yi aiki da shi. Koyil ɗin lafiyarsa ƙalau.

Idan kik yana juyawa sosai, sai a raba gardama tsakanin mai da wuta. A cire tukunyar tace iska, a leƙa maƙogwaron kafireto, a ja totur da hannu. In an ga siririn fetur ya tsarto, mai yana zuwa. Daga nan sai gwajin da ya fi kowane muhimmanci. A zare waya mai kauri daga tsakiyar murfin distiributa, a riƙe ta da filaya mai hannun roba, a kusantar da bakinta ga ƙarfen injin da tazarar milimita 6 zuwa 8, nesa da kafireto da bututun mai, wani ya murɗa makulli. Lafiyayyar wuta tana tsallaka wannan tazara da ƙara, ƙyas-ƙyas, a jere ba fashi.

Me ya sa tazara mai faɗi haka? Yaran gareji sun saba cire fulogi su ɗora shi a kan injin, in sun ga ya ƙyasta su ce wuta lafiya. Wannan gwaji yana yaudara. Kamar yadda aka gani a baya, bolt dubu biyu zuwa uku sun isa su tsallaka bakin fulogi a sarari, alhali a cikin matsin silinda ana buƙatar ninkin haka sau da yawa. Koyil mai rauni zai ci wancan gwaji ya faɗi a cikin injin, kamar mai ciwon zuciya da ake gani garau a zaune, sai ya hau Dutsen Dala ciwon ya bayyana.

Sakamakon gwajin ya raba hanya biyu. Idan wuta mai ƙarfi ta fito, to batir da koyil da kwantak da kwandansa duk sun kuɓuta daga zargi a lokaci ɗaya, ciwon yana gaba: murfi, rota, wayoyi, fulogi, ko lokacin kunnawa. A ɓalle maƙalai biyu a cire murfin, a duba cikinsa a haske. Ana neman raɓa, ko tsagewa, ko wani siririn baƙin layi kamar an zana da fensir. Wannan layi hanya ce da wuta ta ƙona wa kanta, kuma tun da gawayi yana ɗaukar lantarki, ta nan za ta riƙa zurarewa har abada. Irin wannan murfi sai canji. A duba ɗan gawayin da ke tsakiyar murfin ko yana nan da sifirin ɗinsa. Wayoyin fulogi kuwa, robarsu ita ce kwatankwacin kitsen da ke lulluɓe jijiyoyin jiki: in ya lalace saƙo yana zuba a hanya, gaɓa ta ƙi motsi ko da ƙwaƙwalwa ta ba da umarni. Wanda ya tayar da injin a cikin duhu zai ga shuɗin haske yana wasa a jikin tsofaffin wayoyi.

A tabbata kuma ba a rikita jerin wayoyin ba. Ga wanda ke tsaye a bayan mota yana fuskantar injin, silinda ta 1 ita ce ta dama can ciki, ta 2 ta dama kusa da shi, ta 3 ta hagu can ciki, ta 4 ta hagu kusa da shi. A bakin distiributa akwai 'yar tsaga da ke nuna gurbin waya ta 1, daga nan sai a bi yadda hannun agogo ke tafiya: 1, 4, 3, 2. Motar da ta dawo daga wanki ko canjin fulogi tana harbi ta salansa, a fara duba nan.

Idan kuwa babu wuta a wayar koyil, ko ta fito ja-ja mai rauni, sai a koma baya. Kayan aikin da ake buƙata ƙwan gwaji ne kawai, wato ƙaramin ƙwan mota na bolt 12 da waya biyu, irin wanda kowane rewaya ke da shi a aljihu. A kunna makulli, a taɓa waya ɗaya a ƙafa ta 15, ɗaya a jikin injin. In bai kama ba, wuta ba ta iso koyil ba ma. A bi baƙar wayar zuwa makulli. In ya kama, a mayar da shi ƙafa ta 1, a sa mota a furi, a juya fulin injin da hannu. Ya kamata ƙwan ya riƙa kamawa yana mutuwa: ya kama in kwantak ya buɗe, ya mutu in ya rufe. Idan ya kama ya ƙi mutuwa, bakin kwantak ba ya haɗuwa, ko datti ya shiga tsakani, ko koriyar waya ta tsinke. Idan ya ƙi kamawa sam, ko dai kwantak ba ya buɗewa, ko wuta tana zurarewa jikin ƙarfe ta kwandansa da ya lalace, ko kuma naɗin farko na koyil ya tsinke. A zare koriyar waya daga ƙafa ta 1 a sake gwadawa: in ƙwan ya kama yanzu, koyil ba shi da laifi, ɓarnar tana cikin distiributa. Mai mita yana iya auna naɗin farko tsakanin 15 da 1. A yawancin koyil na bolt 12 da ake sa wa wannan mota ana samun om 3 zuwa 4.

Sai bayan duk wannan ya halatta a ce koyil ya mutu. Shi ne aka fi zargi, kuma yana cikin waɗanda suka fi daɗewa ba su lalace ba.

Kwantak da lokacin kunnawa

Mafi yawan ciwon wuta a tsohuwar mota yana komawa ga kwantak, kuma yanayin Kano yana da hannu a ciki. Ƙurar hunturu tana shiga distiributa ta gauraya da man giris da ke jikin sanda, ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta riƙa cin ɗan dunduniyan nan na roba. Yayin da yake cinyewa, bakin kwantak yana ƙara tsukewa, har wata rana ya daina buɗewa. Tazarar da ta dace ita ce milimita 0.4 a lokacin da dunduniya ke kan ƙololuwar kusurwa. Ana auna ta da siraran fallayen ƙarfe masu lamba. A kan hanya, kwalin ashana yana kusa da wannan kauri, zai kai mutum gida. A goge sandar tas, a shafa mata giris kaɗan, kamar ƙwayar gero. In ya yi yawa zai fantsama bakin kwantak ya ƙone shi.

Bakin kwantak da kansa yana ba da labari. Ruwan toka mai santsi alamar lafiya ce. Idan gefe ɗaya ya yi tudu ɗayan ya yi rami, ko ya yi baƙi da shuɗi, a zargi kwandansa, a canza su tare. Sai dai sabon kwandansa ba hujja ba ce ta lafiya, domin jabunsa sun yi yawa a kasuwa. Tsohon da aka cire yana aiki, a ajiye shi a mota. Barin makulli a kunne alhali injin a kashe, don a ji rediyo alal misali, shi ma yana ƙona kwantak da koyil: bolt 12 a kan om 3 yana ba da amfiya 4, wato zafin da ya kai wat 48 yana taruwa a cikin gwangwanin da ba a yi shi don haka ba.

Duk lokacin da aka taɓa tazarar kwantak, lokacin kunnawa ya sauya, shi ne abin da bakanikai ke kira taimin. Tazara ta faɗaɗa, wuta ta yi gaggawa. Ta tsuke, wuta ta makara. Saboda haka tazara ake fara gyarawa, sannan taimin, ba a juya su.

Dalilin da ya sa taimin yake da muhimmanci shi ne mai ba ya ƙonewa nan take. Yana ɗaukar kimanin kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa, don haka dole a kunna shi kafin fistan ya kai ƙololuwa. A juyi 850 a minti, karanshaf yana tafiyar wajen digiri 10 a wannan ɗan lokaci. A juyi 3,000 kuwa digiri 36 yake tafiya. Wannan ne ya sa distiributa ke ɗauke da dabarar gaggauta wuta in gudu ya ƙaru: wasu da ƙananan ƙarafa masu buɗewa saboda juyi, wasu da ɗan faifai mai aiki da zuƙar kafireto, wasu da duka biyun. A tsotsi robar ɗan faifan a ga ko farantin kwantak ya motsa. In bai motsa ba, fatar ciki ta huje, mota za ta yi nauyi ta sha mai.

Ana iya daidaita taimin da ƙwan gwajin nan, injin a kashe kuma a sanyaye. A juya fuli ta hannun agogo har rota ta fuskanci tsagar silinda ta 1, alamar da ke bakin fuli kuma ta yi daidai da layin da ya raba gangar injin biyu. A sassauta notin da ya ɗaure distiributa, a haɗa ƙwan a ƙafa ta 1, a kunna makulli. A juya jikin distiributa ta hannun agogo har ƙwan ya mutu, sannan a dawo da shi baya sannu a hankali, a tsaya daidai inda ya kama, a ɗaure. Injuna da yawa na Bosuwaja digiri 7.5 kafin ƙololuwa suke so, amma akwai masu 10, akwai masu sifiri, har da masu 5 bayan ƙololuwa. Lambar da ke jikin distiributa ce ke tantancewa, kuma motar da ta shekara arba'in tana yawo a gareji ba lallai ne fuli da distiributanta su zama na asali ba. Mai fitilar taimin ya duba cewa a babban gudu gaggawar ba ta wuce wajen digiri 30 zuwa 32 ba. Kuma da silinda ta 1 kaɗai ake yin wannan aiki. A tsofaffin injuna, na'urar sanyaya baƙin mai tana tare wa silinda ta 3 iska, saboda haka maƙera suka jinkirta wutarta da wajen digiri 3 da gangan. Wanda ya daidaita da ita ya gaggauta sauran ukun.

Al'adar daidaita taimin da kunne, wato a yi ta murɗa distiributa har injin ya fi ƙara, ta kashe injuna masu yawa. Inda injin ya fi daɗin sauti a tsaye yawanci wuta ta yi gaggawa fiye da kima. A kan hanya, musamman da zafin bazara na watan Afrilu lokacin da ma'auni ke kai digiri 40 a Kano, sai a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Mai ne ke fashewa ba bisa tsari ba, yana dukan kan fistan, kuma injin da ba shi da ruwa ba shi da allurar da za ta gargaɗi direba. Ƙarshensa fistan ya huje ko bawul ya ƙone. Bawul da kansa yana son tazarar milimita 0.15 a sanyaye. In ya tsuke, injin yana rawa da gardamar tashi kamar mai ciwon wuta, alhali ba ita ba ce.

Fulogi kuwa shi ne samfurin da ake kai wa ɗakin gwaji. A cire shi bayan injin ya huce, a jera huɗun yadda suka fito. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ce. Baƙin ƙuna busasshe yana nuna mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai na haurowa, aikin ringi ne ba na wuta ba. Fari fat mai ƙuraje alamar zafi ce, a duba taimin kafin a sake tafiya. Idan ɗaya ne kawai ya bambanta, ciwon na silindarsa ne ko wayarsa. Idan duka huɗun ne, a nemi abin da suka yi tarayya a kai. Wajen mayarwa a fara ɗaurawa da yatsu, domin kan injin na alminiyam ne, sifana tana cinye zarensa cikin sauƙi.

Ciwon da ke zuwa ya tafi

Mafi wahalar ganowa shi ne motar da ke tafiya lafiya minti ashirin, ta mutu a cunkoson Ƙofar Mata, bayan rabin awa ta tashi. Abu uku ke kawo haka: koyil da naɗinsa ke rabuwa in ya yi zafi, kwandansa mai irin wannan hali, ko fetur da ya tafasa a bututu ya zama tururi har famfo ya kasa turo shi. A gareji da safe duka ukun lafiya za su nuna. Hanya ɗaya ce: a yi gwajin wayar koyil nan take a inda ta mutu, kafin ta huce. Akwai tartsatsi, a koma wajen mai. Babu, a canza kwandansa tukuna, tun da ya fi araha nesa ba kusa ba.

Tsaron lafiyar mai gyara

Wutar koyil ba ta cika yin kisa ba, domin duk da yawan bolt ɗinta, abin da ke gudana kaɗan ne kuma na ɗan lokaci. Haɗarin yana ga abin da jiki ke yi. Saƙon zafi yana zuwa lakar gadon baya ya dawo ga tsoka kafin ƙwaƙwalwa ta sani, hannu ya fizge da kansa, kuma a Bosuwaja fanbel yana nan dab da distiributa. Hannun babbar riga da carbi da ke lilo su ma abin kamawa ne. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya ya nisanci wannan gwaji gaba ɗaya. Kada a tayar da injin a rufaffen gareji ko zaure: hayaƙin yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, kuma tana kama sinadarin jini mai ɗaukar iskar shaƙa fiye da yadda iskar shaƙar kanta ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Zuƙo fetur da baki, wanda aka mayar ba kome ba, ɗan kaɗan ya faɗa huhu yana haddasa kumburi mai tsanani. A kuma tabbata murfin batir yana nan, domin sifirin ɗin kujerar baya yana iya taɓa kawunansa in mutum mai nauyi ya zauna, gobara ta tashi. Baƙar wayar da ke zuwa ƙafa ta 15 ba ta da fis. In ta goge ta taɓa ƙarfe, narkewa take yi tun daga gaba har baya.

Motocin yanzu sun rabu da kwantak. Kwamfuta ce ke lissafa lokacin kunnawa, yawancinsu kuma kowane fulogi da koyil ɗinsa. Ana ma sayar da wata 'yar na'ura da ake sawa a gurbin kwantak a cikin tsohon distiributa, mai aiki da maganaɗisu bisa abin da Edwin Hall ya gano a 1879. Ba ta da bakin da zai ƙone, ba ta da dunduniyar da ƙura za ta ci. Tana da amfani, amma halinta daban: kwantak yana ciwo a hankali yana ba da alama, ita kuwa in ta mutu ta mutu, kuma juya wayoyinta biyu sau ɗaya ya isa ya ƙona ta. Wanda ya sa ta, ya naɗe tsohon kwantak da kwandansa da sukurorinsu a tsumma, tare da sukudireba da ƙwan gwaji, ya ajiye a aljihun gaban mota kafin ya kama hanyar Gwarzo ko Bichi.